Bonaguil: Gidan Yaƙin da Bai Ga Yaƙi Ba, da Dokar da Ta Tsaya Masa

A kudu maso yammacin Faransa, a lardin Lot-et-Garonne, kilomita kaɗan daga wani ƙaramin gari mai suna Fumel, akwai wani tsauni mai tsini da ya miƙo tsakanin kwaruruka biyu, kuma a kansa ne gidan ganuwar Bonaguil yake zaune. Irin wannan gini, wanda Faransawa suke da shi birjik a karkararsu, gida ne na basarake da iyalinsa da barorinsa, sannan sansanin yaƙi ne mai ganuwa da hasumiyoyi da rami kewaye da shi. Wanda ya je Bonaguil a yau zai tarar da mafi yawan ɗakunansa babu rufi, hasumiyoyinsa an datse musu kai, amma bangayensa suna tsaye ƙyam, kuma ana karɓar kuɗin shiga a bakin ƙofa. Tambayar da ta cancanci a tsaya a kanta ita ce yadda aka yi gini irin wannan, wanda ba ya cikin babban birni kuma babu sarkin ƙasa da ya taɓa mayar da shi fadarsa, ya tsira har zuwa yanzu alhali ɗaruruwan takwarorinsa sun koma tulin duwatsu. Amsar tana cikin yadda aka gina shi, tana kuma cikin wata doguwar yarjejeniya da Faransa ta ɗauki fiye da ƙarni guda tana ƙullawa tsakanin mai gida da hukuma da maƙwabta.

An fara ambaton Bonaguil a rubuce a shekarar 1271, lokacin yana ɗan ƙaramin sansani a kan dutse. Ya sha wuya a Yaƙin Shekara Ɗari da aka gwabza tsakanin Faransa da Ingila, domin yankin nan kan iyaka ne da ɓangarorin biyu suka riƙa ƙwace wa juna. Surar da ake gani yanzu aikin mutum ɗaya ne, Bérenger de Roquefeuil, wanda aka haifa a 1448 ya rasu a 1530, basarake mai tarin ƙasa da dukiya wanda ya gaji gidan a 1483 ya kuma kwashe shekaru kusan talatin yana sake gina shi. Matsalar da ya sa a gaba ita ce igwa. A 1453, a Castillon, wadda ba ta da nisa sosai da wannan yanki, igwogin Faransa ne suka murƙushe rundunar Ingila suka kawo ƙarshen wancan dogon yaƙi, kuma duk mai gidan ganuwa ya fahimci cewa dogon bango siriri, wanda a da yake hana mahara kafa tsani, ya zama abin da harsashin igwa zai kayar cikin kwanaki. Bérenger bai yar da tsohon tsarin gini ba, sai ya ƙara masa kauri da zurfi da kafofin harbi, ta yadda gidan zai jure dukan igwa kuma ya mayar da martani da tasa igwar.

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar ginin ita ce mutum ya bi shi kamar maharin da yake neman shiga. Ta ɓangarori uku gangaren tsauni ne, saboda haka wurin da ya fi rauni shi ne arewa, inda tsinin dutsen yake haɗe da tudun da ke bayansa. A nan Bérenger ya gina wata ƙatuwar katanga mai lanƙwasa, kaurinta ya kai mita 4, wadda take tsaye ita kaɗai a gaban gidan. Aikinta ya yi kama da na zaure a gidan Bahaushe, inda baƙo ba ya faɗawa tsakar gida kai tsaye, sai dai shi wannan zauren an yi shi ne domin a tsare maƙiyi a fili a yi masa ruwan wuta daga sama. An karkatar da ƙofarsa gefe, don kada a saita igwa daga nesa a fasa ta, kuma wanda ya samu ya shiga bai ci komai ba tukuna, domin a gabansa akwai rami mai zurfi da aka sassaƙa cikin dutsen kansa, wanda a wancan lokaci ba a tsallaka shi sai ta gadar katako da ake ɗagewa da sarƙa. A cikin ramin ma ba a bar mahari ya huta ba: an gina wasu gajerun ɗakuna masu rufin dutse a gindin bango, masu ƙananan kafofi dab da ƙasa, inda mai bindiga zai zauna a ɓoye yana share tsawon ramin da harbi. Wannan dabara ta harbi daga ƙasa ita ce sabon abu a zamanin, domin magabata daga saman ganuwa suke jifa da harbin kibiya, su kuwa maginan Bonaguil sun gane cewa harsashin da ya tafi a kwance ya fi yin ɓarna a cikin taron mahara.

A cikin ganuwar akwai hasumiyoyi 13. Babbarsu mai siffar da'ira ce, tsayinta ya kai kimanin mita 35, kaurin bangonta a gindi mita 4, kuma an zaɓi da'ira ne domin harsashi ya fi zamewa a kan bango mai lanƙwasa fiye da shimfiɗaɗɗe. A can ƙololuwar dutsen kuma ga uwar hasumiya, doguwa siririya mai kama da jirgin ruwa, wadda aka juya tsininta zuwa arewa, inda ake tsammanin harbi zai fito, don abin da za a saita ya zama ƙanƙane. Kafofin harbi a gidan sun haura ɗari. Abin da ya fi burge ni a ginin, duk da haka, yana ƙarƙashin ƙafa ne: rijiya mai zurfin mita 48 da aka haƙa da hannu cikin dutse a tsakar gida, ga ɗakin gashin burodi, ga wani kogo na halitta a ƙarƙashin uwar hasumiya da aka mayar rumbun ajiya, ga magudanan ruwa da makewayi da aka tsara tun daga tushe. Wanda ya yi wannan ya san cewa yawancin gidajen ganuwa ƙishirwa da yunwa da cuta ne suke buɗe ƙofarsu, tun kafin a kai ga fasa bango.

Babu rundunar da ta taɓa yi wa sabon Bonaguil ƙawanya. Kafin a gama shi ma zamani ya juya, domin a waɗannan shekaru ne manyan Faransa suka fara gina gidajen shaƙatawa masu faffaɗan tagogi da lambuna a kwarin kogin Loire, irin su Chenonceau da Azay-le-Rideau da Chambord, wanda aka fara a 1519. Wannan ne ya sa masana suke ɗaukar Bonaguil a matsayin ɗaya daga cikin na ƙarshe a jerin manyan gidajen yaƙi na zamanin sarakunan gargajiyar Turai, kuma rashin yaƙin ne ya bar mana tsarinsa cikakke, ana iya karanta shi kamar allo. Zuriyar Bérenger ta kasa riƙe shi, ya yi ta lalacewa, har wata mata mai suna Marguerite de Fumel ta saye shi a 1761 ta zauna a ciki, ta mayar da gadojin ɗagawa tabbatattu, ta gyara ɗakuna yadda za su yi daɗin zama. Ta rasu a 1788, shekara guda kafin juyin juya halin Faransa.

Ɓarnar da igwa ba ta yi ba, takardar hukuma ta yi ta. Magajin gidan ya gudu daga ƙasar kamar masu sarauta da yawa, aka ƙwace dukiyarsa, kuma wakilin gwamnatin juyin juya hali a yankin, Joseph Lakanal, ya ba da umarnin a rage tsawon hasumiyoyin irin waɗannan gidaje domin alamu ne na mulkin danniya. A 1794 aka datse na Bonaguil, aka kwashe rufi da katakai da ƙofofi. Ya kamata a yi wa mutanen wancan lokaci adalci: talakan da kakanninsa suka yi wa basarake aikin tilas bai ga kyau a hasumiya ba, abin da ya gani shi ne wurin da ake tara harajinsa. Amma abin da ya biyo baya ciniki ne tsantsa. Shekaru da dama bayan juyin, wasu dillalai sun riƙa sayen gidajen ganuwa da gidajen ibada da araha, su rushe su, su sayar da sassaƙaƙƙen dutse da dalma da katako, su yanka filayen su sayar. Gini da yawa a karkarar Faransa a haka ya ƙare, ya zama wurin ɗibar dutse ga duk mai son gina rumbu ko katangar gona.

Tun a cikin juyin aka samu masu ƙorafi, musamman wani limamin coci ɗan majalisa, Henri Grégoire, wanda ya gabatar da rahotanni a 1794 yana cewa waɗannan abubuwa dukiyar al'umma ce, kuma rusa su asara ce ga kowa. Hukuma ba ta ɗauki mataki na dindindin ba sai a 1830, lokacin da minista François Guizot ya ƙirƙiro muƙamin babban sufeton gine-ginen tarihi. Ludovic Vitet ne ya fara riƙe shi, sannan a 1834 Prosper Mérimée ya karɓa, ya yi shekaru yana zaga lardunan ƙasar a keken doki yana rubuta abin da ya gani yana rushewa. A 1837 aka kafa kwamitin gine-ginen tarihi, a 1840 ya fitar da jerin farko mai abubuwa dubu da 'yan kai. A tsakanin nan ne, a 1832, Victor Hugo ya bayyana tunanin da daga baya ya zama ginshiƙin dokar gaba ɗaya, cewa a kowane gini akwai amfaninsa akwai kuma kyansa, amfanin na mai shi ne, kyan kuwa na kowa ne, saboda haka wanda ya rusa shi ya wuce haƙƙinsa. Bonaguil ya ci gajiyar wannan farkawa ta hanyar da ba a saba gani ba: a 1860 hukumar garin Fumel ta saye shi, duk da cewa yana cikin ƙasar wata ƙaramar hukumar ce daban, wato Saint-Front-sur-Lémance, kuma a 1862 aka shigar da shi jerin gine-ginen tarihi na ƙasa. Har yau Fumel ce mai shi.

Sai dai jerin wancan zamani ba shi da haƙora. Yana nuna inda gwamnati za ta sa ɗan kuɗin gyara, amma ba ya hana mai gida yin abin da ya ga dama. Dokar 1887 ta fara ba shi ƙarfi, sai dai ta bar giɓi babba, domin ba a iya kare ginin wani mutum sai da yardarsa. A farkon ƙarni na 20 dillalan kayan tarihi suna ɓamɓare ginshiƙai da ƙofofi da murhunan dutse suna lodawa a jirgi, kuma wani Ba'amurke mai sassaƙa, George Grey Barnard, ya sayi sassan tsofaffin gidajen ibada na kudancin Faransa ya kai su New York, inda suke har yanzu a wani gidan tarihi. Dokar 31 ga Disamba 1913 ce ta toshe wannan ƙofa, kuma ita ce uwar duk abin da ake aiki da shi a yau, ko da yake an zuba ta cikin kundin dokokin kayan gado na 2004. Ta ce duk ginin da kiyaye shi yake da amfani ga jama'a ta fuskar tarihi ko fasaha ana iya kare shi, ko mai shi ya yarda ko bai yarda ba, kuma kariyar tana bin ginin ne duk hannun da ya koma, ta gado ko ta ciniki. Mallaka tana nan a hannun mai ita, yana iya zama a ciki, ya ba da haya, ya sayar, amma ba shi da ikon rushewa ko sauyawa ko ma gyarawa ba tare da izini ba.

Kariyar hawa biyu ce. Babban hawa, wanda Bonaguil yake kai, ministan al'adu ne yake sa masa hannu bayan shawarar kwamitin ƙasa, kuma na gine-ginen da ake ganin darajarsu ta shafi ƙasa baki ɗaya ne. Ƙaramin hawa, wanda dokar 1927 ta kafa, wakilin gwamnati a yanki ne yake ba da shi bayan shawarar kwamitin yankin, kuma a nan ne mafi yawan gidajen karkara suke. Sau da yawa ma ba a kare gidan dukkansa, sai a ce fuskar gini da rufinsa, ko matakalar bene, ko wani ɗaki mai zane a bango. Gine-ginen da ke ƙarƙashin kariya a Faransa sun kai kimanin 45,000, kusan kashi ɗaya cikin uku a babban hawa, sauran a ƙarami. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne gwamnatin tsakiya ƙalilan ne take mallaka a cikinsu. Kusan rabi na mutane ne masu zaman kansu, mafi yawan sauran kuma na ƙananan hukumomi ne, waɗanda da dama cikinsu ƙauyuka ne masu mutane 'yan ɗaruruwa. Idan rufin gida mai babban hawa ya fara yoyo, mai shi ba ya kiran maginin unguwa. Zai nemi izini daga ofishin al'adu na yankinsa, ya ɗauki mai tsara gini daga cikin waɗanda doka ta amince da ƙwarewarsu a tsofaffin gine-gine, a yi binciken tarihin wurin da yanayinsa, a zaɓi ma'aikata masu sanin aikin, kuma jami'an hukuma su riƙa leƙo aikin har a gama. Idan kuwa ya yi sakaci har ginin ya shiga haɗari, hukuma tana da ikon tilasta masa gyara tare da ɗaukar aƙalla rabin kuɗin, ko ta karɓe ginin ta biya shi diyya.

Akwai wani ɓangare na dokar da ya fi taɓa talakan ƙauye fiye da mai gidan ganuwa, kuma shi ne ya fi jawo gunaguni. Dokar 1943 ta zana da'irar mita 500 kewaye da kowane gini mai kariya, ta ce duk aikin da zai sauya kamannin wani gida a cikinta, matuƙar ana hango shi daga ginin tarihin ko ana ganinsu tare, sai da amincewar wani jami'i mai tsara gine-gine na gwamnati. Wannan yana nufin manomin da gidansa yake gindin tsaunin Bonaguil ba zai sauya launin tagarsa, ko ya sa tagar roba a madadin ta katako, ko ya shimfiɗa farantan hasken rana a kan rufinsa ba, sai wannan jami'i ya duba. Masu ƙorafi suna cewa kayan da ake tilasta musu sun fi tsada, kuma hukuncin jami'i ɗaya yakan saɓa da na wanda ya gaje shi, kuma a wannan suna da gaskiya. Amma dalilin dokar ma a fili yake, domin gidan ganuwa da tudunsa da kwarinsa da hanyar da ake bi a iso shi abu ɗaya ne. Idan aka kafa ƙaton rumbun kwano a gaban katangar arewa, an kashe ma'anar katangar ko da ba a taɓa dutsenta ko ɗaya ba. Dokar 2016 ta nemi sasantawa, ta ba da damar a maye gurbin da'irar da iyaka wadda aka zana bisa yanayin wurin, bayan an ji ta bakin ƙaramar hukuma da mazauna. A ganina wannan gyara ne mai kyau, domin da'irar da aka zana da ma'auni a kan taswira ba ta san inda tudu ya tare gani ba.

Duk wannan tsari yana iya hana guduma, amma ba ya hana ruwan sama, kuma a nan ne ainihin wahalar take. Abin da yake cin tsohon gini a karkarar Faransa shi ne ruwa da sanyi da tsiro. Ruwa yakan shiga ta kan bangon da ba shi da rufi, ya sauka cikin cikon da ke tsakanin fuskokin bangon biyu, idan hunturu ya zo ya daskare ya kumbura, ya tura duwatsun fuska waje kaɗan kaɗan, har wata rana wani sashe ya zube gaba ɗaya. Tsiro mai yaɗo yakan cusa saiwarsa cikin gaɓoɓin dutse, ƙaramar bishiya ta tsiro a kan hasumiya ta tsaga ta. Saboda haka mafi yawan aikin da ake yi a wuri irin Bonaguil ba ya ɗaukar ido: magini ne a kan dandamalin ƙarfe yana ƙwaƙule tsohon kwaɓin da ya rube daga tsakanin duwatsu, yana cusa sabo da ƙaramin cokali, yana gyara kan bango yadda ruwa zai gangara waje. Kwaɓin kuma dole ya zama na farar ƙasa da yashi irin na asali. An yi wani zamani a ƙarni na 20 da aka riƙa liƙe tsofaffin bangaye da siminti ana ganin an yi musu gata, daga baya aka gano cewa siminti ya fi dutsen tauri kuma ba ya barin danshi ya fita, sai ruwan ya maƙale a ciki, dutsen ya riƙa marmashewa a bayan liƙin. Kwaɓin farar ƙasa yana numfashi, yana ɗan motsawa tare da bango, kuma idan wani abu zai lalace shi ne yake fara lalacewa, a sake shi da araha, dutsen ya tsira.

Wannan aiki ba ya ƙarewa, kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin yawancin masu gidajen. Gwamnati takan tallafa, har zuwa kusan rabin kuɗin aiki a babban hawa, ƙasa da haka a ƙarami, yankuna da larduna su ƙara nasu, amma tallafin ba haƙƙi ba ne da ake karɓa kai tsaye, ya dogara da abin da ke cikin kasafin shekarar, kuma sau da yawa mai gida ne yake fara biya kafin a mayar masa. Ga mai zaman kansa, babban taimakon yana zuwa ne ta hanyar haraji: yana iya cire kuɗin gyara daga kuɗin shigarsa kafin a yanka masa haraji, a cire duka idan yana buɗe gidan ga jama'a na wasu kwanaki da aka ƙayyade a shekara, a cire rabi idan ba ya buɗewa, bisa sharaɗin zai riƙe gidan aƙalla shekara 15. Magada ma suna iya samun yafiyar harajin gado idan suka ƙulla yarjejeniya da hukuma cewa za su kula da gidan su kuma bar mutane su shiga. Wasu suna sukar wannan da cewa rangwame ne ga masu hali. Sukar tana da tushe, domin wanda ba shi da kuɗin shiga mai yawa ba shi da abin da zai cire, amma ma'amalar a fili take: al'umma ta yafe wani haraji, ta karɓi ƙofa a buɗe da ginin da ba ita take ɗaukar dukkan nauyinsa ba. Duk da haka, binciken da ma'aikatar al'adu take yi lokaci lokaci ya nuna kusan kashi ɗaya cikin huɗu na gine-ginen da ke da kariya suna cikin mummunan hali ko cikin haɗari.

Ko da kuɗi sun samu, akwai gardamar da ta raba masana tun ƙarni na 19, wato iya inda gyara ya kamata ya tsaya. Eugène Viollet-le-Duc, wanda ya fi kowa suna a wannan fage, yana ganin gyara gini shi ne a mayar da shi cikakke, ko da cikar ba ta taɓa kasancewa haka a wani zamani ba. Da wannan ra'ayi ya sake gina kangon Pierrefonds daga 1857 saboda sarki Napoleon na Uku, ya fito da gida mai ban sha'awa wanda rabinsa tunanin Viollet-le-Duc ne. Masu adawa da shi sun ce wannan ƙirƙirar tarihi ce, kuma ra'ayinsu ne ya yi rinjaye a yarjejeniyar Venice ta 1964, wadda ta ce gyara ya tsaya inda zato ya fara, a girmama abin da kowane zamani ya ƙara, kuma duk sabon abin da aka sa ya zama ana iya bambanta shi da tsoho. Bonaguil ya tsira daga hannun masu cikawa, an yi ta ƙarfafa shi a matakai tun ƙarshen ƙarni na 19 ba tare da an mayar masa da kawunan hasumiyoyinsa ba. Ina ganin wannan shi ne daidai. Datsewar 1794 tana cikin tarihin gidan kamar yadda kafofin igwar Bérenger da gadojin Marguerite suke ciki, kuma wanda ya goge ta ya goge shafin da yake bayanin yadda sarautar da ta gina shi ta ƙare. Sai dai wannan zaɓi yana da farashi, domin kango marar rufi ya fi gida mai rufi shan ruwa, kuma ba ya kawo kuɗin haya ko na biki kamar gidan da ake kwana a ciki. Garin Fumel ya dogara ne da kuɗin masu ziyara da tallafin hukumomi da wasannin kwaikwayo da ake shiryawa a cikin ganuwar lokacin zafi.

Saboda aljihun gwamnati bai isa ba, an buɗe wasu hanyoyi. Masu irin waɗannan gidaje sun kafa ƙungiyoyinsu tun 1924 da 1958 domin su yi magana da murya ɗaya, kuma tun 1966 akwai haɗaɗɗiyar ƙungiyar 'yan sa-kai da take tura matasa su yi hutunsu suna share kangaye da koyon ɗora dutse. A 1984 aka fara ranakun buɗe ƙofa na watan Satumba, inda gidajen da ba a shiga suke karɓar jama'a. A 1996 aka kafa gidauniyar kayan gado ta ƙasa, wadda ta fi mayar da hankali ga ƙananan gine-ginen karkara da doka ba ta kare ba, kuma daga 2018 ana ware wani kaso na cacar ƙasa domin wuraren da ke cikin haɗari, ƙarƙashin aikin da aka ɗora wa ɗan jarida Stéphane Bern. A ƙarshen 2017 dubban mutane daga ƙasashe da dama suka haɗa kuɗi ta intanet, kowa daga Yuro 50, suka sayi kangon La Mothe-Chandeniers a lardin Vienne, wanda gobara ta cinye a 1932 har bishiyoyi suka tsiro a ɗakunansa. Irin wannan yunƙuri yana ceto gidan da yake da kyan hoto ko labari mai jan hankali, amma yakan tsallake ƙaramin gidan da ba shi da ko ɗaya, kuma kuɗin saye somin taɓi ne idan aka kwatanta da na riƙewa.

Akwai kuma buƙatar da kuɗi kaɗai ba sa biya, wato hannun da ya san aikin. Mai sassaƙa dutse da kafintan da ya iya haɗa manyan katakan rufi ba tare da ƙusa ba da mai jera fale-falen dutse a kan rufi ba sa samuwa cikin shekara guda, kuma idan babu aiki a kai a kai sana'ar takan mutu tare da tsofaffinta. A Guédelon, a lardin Yonne, tun 1997 ake gina sabon gidan ganuwa daga tushe da kayan aiki da dabarun ƙarni na 13, ana fasa dutse a wurin, ana ƙona farar ƙasa, ana feƙe katako da gatari. Da farko wasu sun ɗauke shi wurin yawon buɗe ido kawai, amma bayan gobarar babban cocin Notre-Dame na birnin Faris a 2019, lokacin da aka yanke shawarar mayar da rufinsa da itacen da aka feƙe da hannu kamar na asali, kafintocin da suka koyi aiki a Guédelon suna cikin waɗanda aka nema.